Sa Biyu a Taga Ɗaya

Kawu Nomau ya ba ni kyamararsa tun yana raye,
ya ce gadon da aka miƙa hannu da hannu ba ya zuwa gaban alƙali.
Baƙin ƙarfe ce, gefenta ya koɗe har tagulla ta leƙo,
ga nauyi kamar dutsen guga,
fatar jikinta na ƙanshin man kaɗe da garin taba.

Ba ta cin batir. Haƙuri take ci.
Kafin ka ɗura mata fim sai ka cire gindinta,
ka rage harshen fim da almakashi,
ka lallaɓa shi ciki kamar mai ba ɗan akuya magani.
Tagoginta biyu, kowacce kamar kafar allura,
ɗaya ta awon nisa, ɗaya ta ganin wanda ka tsayar.
A ta farkon mutum rabuwa yake biyu,
shi da kansa suna jayayya,
sai ka murza zobe a hankali, a hankali,
har su sasanta su koma mutum guda.
Haske kuwa babu mai gaya maka.
Ka dubi sama, ka dubi inuwar kuka, ka yanke hukunci,
kuskurenka sai bayan mako uku
in fim ya dawo daga Kano a motar Sallau.

Na ƙona nadi huɗu kafin na fitar da fuska.
Mai unguwarmu ya fito fari fat kamar an wanke shi da toka,
har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ina hancinsa.

Sai Barau ya aiko da sabuwa daga Fatakwal.
Ita ma fim take ci, ita ma biyu take mayarwa ɗaya,
amma bayanta buɗewa yake kamar ƙofar shago,
taga guda, mai faɗin bakin rijiya,
da 'yar jar wuta a ciki
mai cewa ƙara, rage, ya isa.

Na zaci Kawu zai yi tsaki. Na ma tanadar masa nawa.
Ya ɗora ta a idon dama, wanda yana ta fara rufewa,
ya juya wajen turmi, ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Ashe har yanzu Tambai na da wushirya."
Shekara shida bai ga dariyar ƙanwarsa ta gilashi ba.
"Riƙe tsohuwar, kai mai ido.
Wahala ba ibada ba ce."

Ranar Alhamis a kara, kasuwar Maigatari,
wani dattijo ya tare mu, igiya a hannu.
An gama ciniki, an tafa,
yana son hotonsa da san kafin a ja shi.
Kawu ya ɗaga sabuwa. Jar wutar ta yi shiru.
Batirin kamar maɓallin riga,
duk faɗin kasuwar nan, daga raƙumi har allura, babu shi.

Na zaro tsohuwa daga jaka, hannuna na rawa.
Kawu bai dubi sama ba,
bayan hannunsa ya miƙa wa rana kamar mai taɓa goshin yaro.
"Sa ta a takwas. Gudu ɗari biyar. Kar ka numfasa."
Sa biyu a taga, ƙaho huɗu.
Na murza, na murza, mai saye na jan igiya,
ƙahoni suka hau juna.
Ƙyas.

Hoton yana nan a shago, bai zo ya karɓa ba.
San ya fito har gashin tozo ana ƙirgawa.
Dattijon ne ya ɗan dushe,
ya juya yana goge ido da bakin rawani.

Kawu ya kai shi dab da hanci, ya karkata, ya nisanta.
Ya ce, "Ya fito?"
Na ce ya fito.
Ya ce, "To, wa ya ɗauka, ni ko kai?"
Ban amsa ba. Aika ya yi a sayo batir Gumel,
guda biyu, ya ce, kada a kuma.